Lambar Jarumta ta Military Medal: Yadda Ake Gane ta Gaske, a Bi Sawun Mai Ita, a Kuma Adana Ta

A gidajen 'yan mazan jiya da yawa, daga Kano da Maiduguri har zangon Kumasi, akwai 'yar adaka ko tsohon gwangwani da aka ƙulle lambobin kaka a ciki. Mutanen gida kan haɗa su gaba ɗaya su ce “lambobin Bama”, wato na yaƙin ƙasar Burma, alhali ba darajarsu ɗaya ba. Mafi yawansu na halarta ne: duk sojan da ya je fagen ya cika kwanakin da aka ƙayyade, an ba shi. Amma a cikinsu akan tarar da guda ɗaya ta azurfa wadda ba a ba kowa sai wanda ya yi bajinta ana tsakiyar ruwan wuta, kwamandansa ya gani ya rubuta. Ita ce Military Medal, wadda ake taƙaitawa MM.

Sarki George na Biyar na Ingila ne ya ƙirƙiro ta ranar 25 ga Maris 1916, domin sojojin ƙasa waɗanda ba hafsoshi ba. An ba da sama da 115,000 a yaƙin duniya na farko, da kimanin 15,000 a na biyu. A 1993 aka daina ba da ita, aka buɗe Military Cross, lambar jarumtar da a da galibi hafsoshi ake ba, ga kowane muƙami. Sojojin rundunar Afirka ta Yamma, wadda Hausa ce harshen barikinta, sun same ta. Alhaji Grunshi na rundunar Gold Coast, wanda ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko, a watan Agusta 1914 a Togo, yana da ita. Haka ma Samanja Chari Maigumeri, wanda aka sa wa barikin Lokoja sunansa.

Abu ɗaya ne ya kamata ka riƙe kafin ka taɓa komai: darajar wannan lamba tana jikin sunan da aka buga a bakinta. Azurfar ba ta taka kara ta karya ba. Sunan ne ke haɗa ƙarfen da mutum, da rana, da wurin da abin ya faru. Duk matakan da ke tafe, ko dai na karanta sunan ne, ko na bin sawunsa, ko na hana shi gogewa.

Mataki na farko: ware ta daga 'yan uwanta

Shimfiɗa farin ƙyalle mai laushi a kan tebur, ka wanke hannu ka shanya shi sosai, ka jera lambobin. Ka riƙa kama kowace ta gefe, don gumin yatsa yana barin tabo a jikin azurfa. Kafin ka kwance ko ka goge wani abu, ɗauki hoton kowace gaba da baya, da hotonsu a haɗe yadda ka same su.

Masu siffar tauraro mai tsini shida, launin tagulla, na halarta ne: 1939–45 Star, da Africa Star ga waɗanda suka yi yaƙin Habasha da Somaliya, da Burma Star mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan goro a gefe. Mai zagaye da ke da zaki tsaye a kan dodo a bayanta ita ce War Medal ta 1939–45, ita ma ta halarta ce, kuma ba azurfa ba ce, gamin tagulla da nikel ne. Irin waɗannan na yaƙi na biyu galibi ba a buga musu suna ba. Idan ka ga ɗan ganyen tagulla maƙale a ƙyallen War Medal, kada ka cire shi da zaton ado ne: alama ce ta an ambaci sunan sojan a rahoton babban kwamanda, kuma shi ma yana da rajista.

Yanzu juya masu zagayen. Wadda aka rubuta wa FOR BRAVERY IN THE FIELD a baya ita ce MM. Idan kuwa FOR DISTINGUISHED CONDUCT IN THE FIELD ka gani, to Distinguished Conduct Medal ce, wato DCM, wata lambar jarumtar wadda ta girme ta a shekaru da daraja, don tun 1854 take, zamanin Sarauniya Victoria. Akwai ma nau'inta da aka yi musamman don sojojin Afirka, mai ɗauke da sunan West African Frontier Force a baya. Kusan duk abin da za a faɗa nan ya shafi DCM ɗin ma.

Mataki na biyu: duba sassanta ɗaya bayan ɗaya

Kana bukatar gilashin ƙara girman rubutu mai ninki goma, irin na masu gyaran agogo, da ma'aunin faɗi mai baki biyu irin na masu gyaran inji, da ɗan mayen ƙarfe, da hasken taga. Hasken da ke zuwa ta gefe ya fi na sama fito da rubutu.

Faɗin lambar milimita 36 ne. In ka samu mai kusan rabin haka, ƙaramar kwafi ce da ake sakawa a rigar liyafa, kuma ana sayenta ne a shago. A fuska akwai hoton sarkin zamanin. Ta yaƙin farko tana da George na Biyar cikin kakin soja, kansa ba kambi, rubutun ya fara da GEORGIVS V. Ta yaƙi na biyu tana da George na Shida sanye da kambi, rubutun ya fara da GEORGIVS VI ya ƙare da INDIAE IMP, wato sarkin Indiya, laƙabin da aka cire bayan Indiya ta samu 'yanci a 1947. Wannan kaɗai ya isa ya kama ƙarya: lambar da aka ce ta Bama ce amma tana da kan George na Biyar, akwai magana.

A baya, kalmomin nan suna jere a layi huɗu, ganye ya kewaye su, a samansu akwai haruffan sarki da kambi. Na George na Biyar GVR ne, na George na Shida a shekarun yaƙi GRI. Dole fuska da baya su zama na sarki ɗaya.

Maratayin da ke sama mai lanƙwasa ne kamar ado, an kama shi da bakin lambar da wani ɗan kamu mai kama da farce, kuma a wasu yana juyawa. Gwada shi a hankali da yatsa. In ya ƙi juyawa kada ka tilasta, wataƙila haka aka ƙera shi, wataƙila datti ne, wataƙila kuma an taɓa liƙe shi da dalma bayan ya karye. Duba ko akwai dunƙulen dalma ko alamar wuta kusa da kamun.

Ƙyallen faɗinsa milimita 32, shuɗi mai duhu a gefe biyu, a tsakiya layuka biyar masu faɗi ɗaya, kowanne kusan milimita 3: fari, ja, fari, ja, fari. In akwai ɗan sandan azurfa mai zanen ganye a gicciye kan ƙyallen, sojan sau biyu ya ci lambar, kuma wannan ba kasafai ake samu ba. Amma ƙyalle ba shaida ba ne, don sojoji da kansu suna sauya shi in ya tsufa.

Mataki na uku: karanta bakin lambar

Nan ne aikin yake. Riƙe lambar a tsaye, maratayi a sama, ka riƙa juya ta a hankali kana bin kaurin bakinta da gilashi. Za ka ga lambar soja, sannan muƙami, sannan suna, sannan runduna, da manyan baƙaƙe 'yan mitsi-mitsi da inji ya danna. Kwafe su a takarda harafi da harafi, har da ɗigo da tazara. Kada ka gyara komai ko da ka ga an ɓata sunan, don da wannan ɓataccen rubutun ne za ka same shi a rajista.

A yaƙi na biyu, lambar sojan Najeriya kan fara da NA, ta Gold Coast da GC, ta Saliyo da SL. PTE farabiti ne, L/CPL las kofur, CPL kofur, SJT ko SGT saja, CSM da RSM samanja. Muƙamin da aka buga shi ne wanda yake da shi lokacin da ya yi bajintar, saboda haka kada ka ruɗe in gida sun san shi da saja amma lambar ta ce kofur. Rundunar kan zo a taƙaice, kamar NIGERIA R. ko R.W.A.F.F., wato rundunar Afirka ta Yamma.

Suna shi ne ya fi wahalar da iyalai. Akawun ɗaukar soja kan rubuta sunan yanka ya haɗa da garin da mutum ya ce ya fito, shi ya sa rajistar ta cika da irin su Musa Kano da Garba Sokoto, har a samu da yawa masu suna ɗaya a bataliya ɗaya. Wani ma ba garinsu ya faɗa ba, garin da aka ɗauke shi ne, wani kuma da gangan ya sauya suna don kada iyaye su gano ya shiga soja. Ga kuma rubutun Turawa: Audu ya koma Awudu, Mamman ya koma Momo ko Moma, Katsina ta koma Katsena. Don haka lambar soja ta fi suna amana. In akwai takardar sallama a gida, ko tsohon katin fansho, gwada lambar da ke ciki da ta bakin azurfar. In sun yi daidai, ka gama rabin aiki.

Mataki na huɗu: jabu da wadda aka sauya wa suna

Matsala iri biyu ce. Ta farko lambar zubi. Ta gaske bugawa aka yi da hatimin ƙarfe ƙarƙashin nauyi mai yawa, don haka haruffanta tsaf suke, gefensu da kaifi, filin da ke tsakaninsu sumul. Ta zubi kuwa, wadda aka kwafa daga ta gaske, haruffanta kamar sun narke, filin yana da ƙananan ramuka kamar fatar lemo, wani lokaci da siririn layi a kewayen baki inda ɓari biyu na mazubin suka haɗu. Takan kuma ɗan gaza milimita 36, domin ƙarfe yana tsukewa in ya huce. Sau da yawa maratayinta a haɗe yake da jiki, ba ya juyawa. Wasu kwafin na halal ne, an buga musu COPY a jiki.

Kara mata mayen ƙarfe. In ya kama, ba azurfa ba ce, magana ta ƙare. In bai kama ba, ba ka tabbatar da komai ba tukuna, don tagulla da dalma ma ba ya kama su. Kada ka yarda maƙeri ya goga ta a dutsen gwaji ko ya ɗiga mata asid, kuma kada a jefa ta ƙasa don a ji ƙararta. Duk ukun suna barin tabon da ba ya fita.

Ta biyu ta fi wuyar kamawa: lambar gaske ce, amma an kankare sunan asali an sa wani. Auna faɗinta ta fuskoki uku ko huɗu. Wadda ba a taɓa ba, awon ɗaya zai riƙa fitowa. Wadda aka ci bakinta da magagari za ta gaza ta wani ɓangaren, ko da da rabin milimita ne. Dubi ɗan tudun da ya kewaye fuskar: in ya yi siriri a ƙasa ya yi kauri kusa da maratayi, an rage shi. Nemi burbushin tsofaffin haruffa tsakanin sababbi, da ƙananan zane-zane masu bin tsawon baki. Sannan ka bambance dannawa da sassaƙa. Harafin da inji ya danna zurfinsa ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, wanda aka sassaƙa da hannu kuwa yana sirancewa a ƙarshen kowane ja. Sassaƙa ba hujjar ƙarshe ba ce, don wani tsohon soja kan ɓatar da tasa ya sayi wata ya sa a rubuta masa sunansa, ba da niyyar zamba ba. Rajista ce za ta raba gardama.

Mataki na biyar: bin sawu a rajista

Fara da London Gazette, jaridar gwamnatin Ingila, wadda ke intanet kyauta. A nan ake shelar lambobin jarumta. Sa lambar sojan a wurin nema, in ba ta fito ba ka gwada ta ba tare da haruffan farko ba, sannan ka gwada suna da kowane irin rubutu da zai yiwu. Injin da ya karanta tsofaffin shafukan yana yawan kuskure, don haka rashin fitowa a karon farko ba ya nufin babu. Abin da za ka samu layi ɗaya ne: lamba, muƙami, suna, runduna. Ka lura ranar jaridar ba ita ce ranar bajintar ba, shelar kan biyo baya da watanni.

Labarin kansa yana ma'ajiyar tarihi ta ƙasar Ingila da ke Kew, a London. Ga yaƙi na biyu, nemi rukunin WO 373, inda aka tara takardun shawarar ba da lambobi daga 1935 zuwa 1990. Ana nema da suna a kundinsu na intanet, a kuma sauke takardar. Shafi ɗaya ce galibi, amma ita ce zuciyar binciken: kwamandan ya rubuta rana da wuri da abin da sojan ya yi, manyansa sun sa hannu ɗaya bayan ɗaya. A wasu za ka ga an nemi DCM, wani babba ya soke da alƙalami ya rubuta MM.

Da ka samu bataliya da rana, sai kundin yaƙi na yau da kullum da kowace bataliya ke rubutawa. Na Bama yana rukunin WO 172, na Gabashin Afirka a WO 169, na yaƙin farko a WO 95. Sanin inda rundunonin suka bi zai taimaka wajen gane ko labarin gida ya dace da takarda. Birged ta 23 ta Najeriya ce ta yi tafiya daga Mogadishu a Somaliya zuwa Harar a Habasha a 1941. A Bama, Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta yi kwarin Kaladan. Ta 82 ta bi Arakan, kuma rundunonin biyu sun haɗu wajen kama Myohaung a Janairu 1945. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Najeriya suna cikin dakaru na musamman da ake kira Chindit, waɗanda aka kai bayan layin Japanawa a 1944.

Yaƙin farko ya fi wuya. Ba a cika buga bayanin MM a jarida ba, kuma takardu masu yawa na ma'aikatar yaƙi sun ƙone a harin bam na London a 1940. Abin da ya rage shi ne katunan rukunin WO 372 da kundin bataliya. DCM ta fi sa'a, don ita ana buga bayaninta. In sojan bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth tana da sunayen matattu a shafinta.

Ga 'yan uwa na Nijar da Chadi, lambobin kakanni na Faransa ne, hanyarsu daban. Croix de guerre, wadda aka kafa a 1915, tagulla ce mai hannu huɗu da takubba biyu a gicciye, kuma ba a buga mata suna. Takardar yabon da ta zo da ita ce shaida, don haka a wurinku takardar ta fi ƙarfen bukatar tsaro.

Mataki na shida: wanki, in ya zama dole

Baƙin da azurfa ke yi ba cuta ba ne, kuma masana sun fi son sa da ƙyalli. Abin da ke kashe lamba shi ne guga. Toka, da yashi, da lemun tsami, da man goge baki, da man goge tagulla irin Brasso, kowannensu yana cin ƙarfen kaɗan kaɗan. Gashin kan sarki ne ke fara shafewa, sai haruffan baya, sai sunan. Tsofaffin sojoji da yawa sun yi shekaru suna gogewa kafin fareti, shi ya sa ake samun lambobin da fuskarsu ta zama kamar tsohon kwabo. Wadda ta riga ta sha wannan ba ta da sauran abin bayarwa.

In akwai datti ko maiƙo, yi haka. Kare ƙyallen tukuna: ko ka naɗe shi da leda, ko ka warware ɗinkin in zai fita ba tare da yagewa ba. Zuba ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, kofi ɗaya, ka sa ɗigo biyu na sabulun ruwa na wanke kwanuka. Ruwan da aka tace na batir, wanda ba asid a ciki, ya fi na famfo da na rijiya, don ba ya barin gishiri. Jiƙa auduga ko burushi mai laushi ƙwarai, ka riƙa dangwalawa kana ɗagawa. Kada ka cuɗa, musamman in lambar ta sha ƙurar hunturu, don ƙurar nan yashi ce, cuɗa ta zane ne. Ɗauraye da ruwa mai tsabta, ka tsane da ƙyallen auduga, ka bar ta a inuwa ta kwana, saboda ruwa na laɓewa a cikin kamun maratayi. In ana samun kakin adana ƙarfe irin Renaissance Wax, shafa ɗan kaɗan, ka goge da laushi bayan ya bushe.

Taurarin tagulla in sun fitar da kore mai gari-gari, ware su daga sauran nan take, ka kakkaɓe da busasshen burushi, ka sa su inda ba danshi. Ƙyalle kuwa ba a wanke shi: jan yana zuba ya ɓata farin. In ya ruɓe har ba zai ɗauki nauyi ba, sa sabo, amma ka ajiye tsohon a ambulan tare da lambar.

Mataki na bakwai: ajiya da jerawa

Azurfa ba ta shiri da roba, da ulu, da takardar jarida, da leda mai laushi mai wari, don suna fitar da abin da ke baƙanta ta. Kada a ɗaure lambobi da robar kuɗi, kada kuma a zuba su wuri ɗaya suna gugar juna, tsinin taurari ne ke sassare fuskar masu zagaye. Naɗe kowace daban a farin ƙyallen auduga da aka wanke, ka sa su a akwati mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani. Sauya su a farkon damina da ƙarshenta. Akwatin ya nisanci madafa, da turaren wuta, da bangon da ke jiƙa. In za a rataye a firam, a zaɓi bangon da rana ba ta bugu, don cikin 'yan shekaru takan mai da shuɗin ƙyallen toka-toka, kuma a ɗinke lambar da zare, ba a liƙa ta da gam ba.

Wajen jerawa, ta jarumta ce ke gaba. In kana kallonsu, daga hagu: DCM in akwai, sai MM, sai 1939–45 Star, Africa Star, Burma Star, Defence Medal (ita ma ta halarta ce), War Medal. Mai lambar a ƙirjin hagu yake sakawa. Ɗa ko jika in zai saka ranar tunawa da mazan jiya, a dama yake sakawa, don a san ba shi ya ci ba.

Wajen rabon gado kada a rarraba su, wannan ya ɗauki tauraro wancan ya ɗauki azurfa. Taurarin ba su da suna, MM ɗin ce kaɗai ke shaida na wane ne, in aka raba su sun zama ƙarfen da ba mai shi. A damƙa su duka ga mutum ɗaya, sauran a ba su hotuna. A cikin akwatin a sa takarda, rubutun fensir don tawada na zuba, mai ɗauke da abin da ke bakin lambar harafi da harafi, da sunan da gida suka san shi da shi, da sunan mahaifinsa da garinsa na ainihi, da ranar jaridar da aka yi shelar, da kwafin takardar kwamandan tare da fassararta da Hausa.